Darma a Bakin Rigar Uwa Dokas

Ku yi haƙuri da ni, ban iya rubutu sosai ba. A bayan littafin lissafina nake yi, kuma ba wanda ya sani a gidanmu, ko Yaya Rakiya da muke ɗaki ɗaya. Wani wajen za ku ga na maimaita magana, wani wajen na yi tsalle. Malamin tarihinmu ne ya taɓa ba mu labarin yadda Turawan Ingilishi na da suke tsoron mayu, aka yi ta dariya a aji, ni kuwa abin ya tsaya mini a rai har ya zama wannan. In kun ga na tsaya a tsakiyar magana, to an kira ni ne. Daga nan ba ni ke magana ba, Tabawa ce.

Ni ce Tabawa 'yar Gajere wanzami, ta garin Ƙorama Bakwai. Na taka yashin da ba ya riƙe sawu, na sha ruwan da ba ya kashe ƙishi, na kwana a birane tara da ba su san sunan juna ba. Mutane kan zo ƙofar ɗakina su ce in ba su labarin jarumtakata, kuma nakan ba su. Yau ba shi zan bayar ba. Yau zan faɗi labarin darmar nan da kuke gani a wuyana, wadda yara suke zaton laya ce.

Abin da ya fitar da ni daga gida zazzaɓi ne. Duk damina sai ya shigo garinmu ya ɗebi yara, har wata shekara ya ɗauke mini ƙanne biyu a mako ɗaya. Babana ya yi ƙaho, ya yi tsaga, bai hana ba. Sai wani bafatake ya ce mana ya ji labarin wani tsibiri a ƙarshen duniya inda gajimare yake saukowa ya kwanta a ƙasa, kuma a can akwai wata bishiya da ke sunkuyawa kan ruwa kamar mai kuka, ɓawonta yana sanyaya zazzaɓi. Kowa ya ce zancen fatake ne. Ni na ɗaure ƙunshina.

Na bi ayarin raƙuma wata huɗu har birnin da ake gina gidaje da gishiri, inda in mutum ya ji haushin maƙwabcinsa sai ya watsa masa ruwa a bango. Sarkinsu ya hana ni fita don na iya cire haƙori, ya sa aka rufe ni a ɗaki. Kullum sai in rage ruwan shana in zuba a kusurwa ɗaya, kwana goma sha tara bangon ya narke na fice. Na wuce ta tsibirin tsuntsayen da ke maimaita duk abin da mutum ya faɗa shi kaɗai, shi ya sa mutanen wurin ba sa ƙunƙuni. Daga nan na shiga wani babban jirgin ruwa na Turawan Ingilishi ina yi musu girki. Shekara biyu na yi a ciki har na ji yarensu, kuma jin yaren ne ya cece ni, don da kunnena na ji mai jirgin yana cewa zai sayar da ni a tasha ta gaba. Ina da ragowar lalle a ƙunshina. Na kwaɓa shi na ɗiɗɗiga a fuska da hannuwa, na kwanta ina nishi. Suna ganina suka ce agana ce. Ba wanda ya yarda ya taɓa ni, da sanda suka tura ni cikin kwalekwale suka sake ni a teku.

Ruwa ya kai ni bakin wata fadama. A nan wata tsohuwa ta tsince ni, 'yar ƙarama, siririya, da kwandon ganye a hannu. Na ɗauka za ta gudu. Sai ta durƙusa, ta kama hannuna, ta ƙura wa ɗigon ido, ta shinshina.

"Wannan ganye ne, ba ciwo ba," in ji ta. "Wa kika yi wa ƙarya?"

Na ce masu jirgi.

"To sun cancanta. Tashi, akwai miya a wuta."

Sunanta Dokas. A can Uwa suke kiran tsohuwa, don haka kowa Uwa Dokas yake ce mata. Ni kuwa Inna nake ce mata irin na garinmu, kuma ba ta taɓa hana ni ba.

Garinsu sunansa Dorwik, kuma ban taɓa ganin gari irinsa ba. Sarkinsu yana can nesa, ba wanda ya taɓa ganinsa. Dattawa goma sha biyu ne masu jajayen riguna suke riƙe da garin, duk shekara su zaɓi ɗaya ya zama Magajin Gari. Aikin gari kuwa karɓa-karɓa ne, bana mai burodi ne dogari, baɗi baduku, ko yana so ko ba ya so. Akwai ƙararrawa a tsakiyar kasuwa, duk wanda ya kaɗa ta dole dattawa su tsaya su saurare shi, ko almajirin maƙeri ne, ko baƙo. Akwai babban sikeli rataye a gefenta da ake auna ulu, kowa ya yarda da shi. Komai nasu a tsare. Amma mutanen nan masu tsari, kowace ƙofa sai ka ga an kafa mata takalmin doki don korar mayu. Suna binne kwalba cike da ƙusoshi a ƙarƙashin murhu. In an yi rasuwa a gida sai a je a faɗa wa ƙudan zuma, wai in ba a faɗa musu ba za su yi fushi su tafi.

Dokarsu ita ce baƙo ba ya wuce kwana uku a gari sai wani mai gida ya tsaya masa. Rana ta uku Inna ta sa rigarta ta zuwa coci, ta kai ni gaban dattawa. Magajin Gari na wannan shekarar wani mai sayar da ulu ne, Barnaba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya juya gare ta.

"Uwa Dokas, tun yaushe kika san ta?"

"Kwana uku, ranka ya daɗe."

"Kin san abin da kike ɗauka? In ta yi ɓarna a garin nan, sunanki ne zai biya."

"Na sani."

"To me ya sa?"

"Na kalle ta da kyau," in ji Inna.

Aka rubuta sunana a ƙarƙashin nata.

Ashe bishiyar da na ƙetare duniya ina nema tana bayan gidanta, guda biyar a jere, rassansu na taɓa ruwa. Inna ta koya mini lokacin da ake ɓare ɓawon, da yadda ake shanya shi a inuwa, da yawan da ake ba yaro da na babba. Ba ta ɓoye mini komai ba. Mutanen gari sukan zo neman magani ta ƙofar baya, in sun haɗu da ita a kasuwa kuma su kau da kai suna taɓa ƙarfen da ke aljihunsu. Ina jin haushin abin. Ita dariya take yi, ta ce, "Bar su, 'yar nan. Cikinsu zai sake ciwo."

Wata safiya gajimare ya sauko ƙasa. Na farka ban gan ta ba, sai na bi bayanta da kwandon da ta manta. Na hango ta a bakin fadama, daidai inda saniyar mai burodi ta nutse a watan da ya wuce, laka ta haɗiye ta har ƙaho mutane na kallo. Ina gani Inna ta sa ƙafa a wurin ta kama tafiya. Ruwan bai wuce idon sawunta ba. Tana tafe a kai kamar busasshen ganye, har gajimare ya rufe ta.

A garinmu an ce mayya ba ta da nauyi, ba ta barin sawu. Na koma gida na ajiye kwandon inda yake. Ban faɗa wa kowa ba, kuma ban tambaye ta ba. Daga ranar nan sai na riƙa yin addu'a a ɓoye kafin in ci abincinta, in ta taɓa kaina in ji tsikar jikina ta tashi. Ina sonta, wallahi ina sonta. Amma na riƙa cewa a raina, ko da ita ce, ai mai kirki ce.

Suna da wata al'ada, sau ɗaya a shekara duk gari ya fita da sanduna a zaga iyakar ƙasarsu. Duk inda aka kafa dutsen iyaka sai a ɗaga yaro a ƙwala kansa a jikin dutsen, wai don in ya tsufa ya tuna inda ƙasar garin ta ƙare. A dutsen farko ɗan Magajin Gari ake ɗagawa. Barnaba ba shi da ɗa namiji, sai 'ya ɗaya, Sibil, mai shekara bakwai. Dogarin wannan shekarar shi ne mai burodin nan, Hamfari, ƙato mai yawan gumi. Ya ɗaga yarinyar, hannunsa ya zame, kanta ya bugi dutsen da ƙarar da kowa ya ji. Aka yi dariya aka ce wannan kam ba za ta manta ba. Inna ce kaɗai ta matsa, ta shafa mata man ganye a goshi, ta ce wa uwarta a kwantar da ita a ɗaki mai duhu kada a bari ta yi wasa.

Bayan kwana uku yarinyar ta kama amai, tana sambatu tana kiran sunan Uwa Dokas. Uwarta Kezaya ta fito titi ba ɗankwali tana cewa tsohuwar ta shafa wa 'yarta maita a goshi. Gari ya ɗauka. Ba wanda ya ambaci dutsen, don dutsen na kowa ne, kakanninsu ma an buga musu kai a jikinsa.

Aka tara jama'a a zauren gari. Matasa suna ta cewa a kai ta ruwa. Yadda suke yi shi ne a ɗaure wa mace hannu da ƙafa a jefa ta kogi, in ta taso mayya ce a rataye ta, in ta nutse ba ta da laifi, amma sau da yawa gawa ake tsamowa. Sai limamin cocinsu ya miƙe, wani tsoho mai tari, Gilbat.

"Ruwa al'adar ƙauyawa ce," in ji shi. "Mu garin sikeli ne. Iyayenku da babban littafin coci suke auna wadda ake zargi. In littafin ya fi ta nauyi, ku yi abin da doka ta ce. In ta fi shi, ba mai sake buɗe baki."

Barnaba ya ce haka za a yi, gobe in rana ta take tsaka. Aka rufe Inna a ɗakin ƙasa.

Da la'asar Hamfari ya zo gidanmu da sandarsa ta dogari, ya ce in kai mata riga mai tsabta, don ba a tsayawa gaban littafin da datti. Ya zauna a kan benci ya share gumi.

"Ni burodi na iya, ba kama mutane ba," in ji shi. "Wata biyu ya rage in sauke sandar nan. Matar da ta warkar mini da maruru, yau ni ke riƙe da mukullinta."

Na ce, "Littafin nan, yaya nauyinsa?"

"Oho. Ban taɓa ɗagawa ba. Mutum biyu ne dai suke ɗauko shi kullum."

Mutum biyu. Ya tafi ya bar ni da maganar. Na tuna fadama, na tuna ruwan da bai wuce idon sawunta ba. A bayan ƙofa akwai tsohon tarun kamun kifi na mijinta marigayi, da darma jere a bakinsa. Na zauna kusa da taga na ɓalle su ɗaya bayan ɗaya. Na farke bakin rigarta ta zuwa coci, na jera ashirin da uku a ciki, na ɗinke da ɗinkin garinmu mai ƙarfi. Ɗaya ta rage ba wuri, na jefa a aljihu. Duk lokacin nan ina ce wa kaina taimako nake yi. Har daɗi na ji, wai na sake yin dabara irin ta lalle.

Washegari kasuwa ta cika har kan rufin rumfuna. Mutum biyu suka ɗauko littafin a kan matashi suka ɗora a faranti ɗaya na sikelin. Hamfari ya fito da Inna. Na lura tana ɗan jan rigar da hannu tana duba ƙasa, amma ana ta tura ta, ba ta samu tsayawa ba. Ta ɗaga ƙafa za ta hau ɗaya farantin, sai bakin rigar ya bugi tagulla. Ƙwal. Ta ɗaga ɗaya ƙafar. Ƙwal, ƙwal.

"Me ke ƙara a jikinta?" in ji Kezaya.

Kafin kowa ya motsa Kezaya ta durƙusa ta kama bakin rigar ta yage. Darma ta zubo a farantin tana birgima, wasu suka faɗo ƙasa har gaban ƙafata. Sai wata murya ta ce daga baya, "Ta san ba ta da nauyi." Shi ke nan kowa ya kama faɗar haka.

Barnaba ya ɗaga hannu. "Wa ya ɗinka wannan?"

Inna ta ɗauki yagaggen bakin rigar ta duba zaren. Ta san ɗinkina, ni nake yi mata faci. Ta ɗago ta kalle ni sau ɗaya, ta mayar da idonta ƙasa.

"Rigata ce," in ji ta.

"Ba wannan na tambaya ba. Wa ya ɗinka?"

A al'adarsu sau uku ake tambaya. Ya tambaya sau uku, yana jira tsakanin kowace. Ina tsaye a sahun gaba, da darma ɗaya a aljihuna, na damƙe ta har tana cin tafin hannuna. Ni da na narkar da bangon sarki, ni da na yaudari jirgi guda. Ina tunanin igiya, ina tunanin ni baƙuwa ce ba mai tsaya mini. Sau uku na yi shiru.

Barnaba ya ce wadda ta yi wa sikelin gari ha'inci ta amsa laifinta da kanta. Za a kai ta wurin babban alƙali a birni, kuma kowa ya san daga wurinsa ba a dawowa. Aka kawo keken doki, Hamfari ya ɗora ta yana kuka kamar yaro.

Liman Gilbat yana tsaye kusa da ni, yana kallon littafin da aka bari a faranti. Ba da ni yake magana ba, da kansa yake.

"Shekara talatin," in ji shi. "Mata huɗu na kuɓutar ta sikelin nan. Littafin bai kai ɗan akuya nauyi ba, don girmamawa ne kawai mutum biyu ke ɗauko shi. Ko jaririn goye ya rinjaye shi. Shi ya sa duk sanda suka nemi ruwa nake roƙon sikeli. Wane irin marar hankali ne zai..."

Bakina ya riga ni. Na ce, "Ko da mayya ce?"

Ya juyo ya kalle ni. Ya daɗe yana kallona, har na ji kamar ba kaya a jikina.

"Ke ce," in ji shi a hankali. "To ni ba zan faɗa ba. Bakinki naki ne. Amma keken ya kusa ƙofar gari."

Ban san lokacin da na isa wurin ƙararrawar ba. Na kama igiyar da hannu biyu na yi ta ja har tafina ya sale. Dokarsu doka ce, dattawa suka dawo, aka juyo da keken. Na tsaya a kan dakalin sikeli na ce ni na ɗinka, ita ba ta sani ba. Na fito da darmar da ta rage. Aka kawo allura da ƙyalle na yi ɗinkin a gabansu, matan gari suka gwada da na rigar suka ce ba mai irin wannan hannun a Dorwik.

"Ta ba ki gida, ta ba ki sunanta," in ji Barnaba. "Don me za ki so a kashe ta?"

"Ba so nake a kashe ta ba, ranka ya daɗe."

"To don me?"

Inna tana zaune a kan keken, hannunta a ɗaure, bai fi taku biyar tsakaninmu ba. Da zan iya, da na zaɓi igiyar rataya a kan amsar nan. Na ce, "Na ji tsoro littafin zai fi ta nauyi."

Wani ya yi dariya. Inna ba ta ɗago ba.

Kezaya ta ce ai maitar ce ta sa ni faɗar haka. Liman ya ce to abu mai sauƙi ne, sikeli yana nan. Aka tuɓe wa Inna rigar sama, mata uku suka lalube ta, ta hau faranti da 'yar shiminta, ƙafa ba takalmi, a gaban duk mazan gari. Tana hawa, sai farantin littafin ya yi sama da ƙarfi, littafin ya zame, sai da mutum biyun suka yi tsalle suka tare shi. Barnaba ya tsaya yana kallon sikelin. Shi da kansa ya ce haka za a yi, ba halin janyewa. Ya ce ba ta da laifi, kuma ba mai sake buɗe baki.

Ni aka yanke mini yini guda a turu a tsakiyar kasuwa, sannan in bar iyakar gari. Amma akwai sauran hukunci. Magatakarda ya buɗe littafin gari ya ja layi a kan sunana, sannan ya ja a kan nata. Daga ranar nan ba za ta sake tsaya wa kowa ba, ba za ta sake kaɗa ƙararrawa a saurare ta ba. Shekara arba'in sunan yana wurin.

A turu na sha ruɓaɓɓen kabeji da laka. Ban ji zafinsu ba, har so nake su ƙara. Daga inda nake ina hango lungunmu, kuma da idona na ga Barnaba da kansa ya ja hula ya rufe fuska ya shiga ta ƙofar bayan gidan Inna, ya fito da ƙunshin magani. Da yamma ta yi sai ga ta da kofin ruwa da gutsuren burodi. Ta goge mini fuska. Na rufe idona don kada in ga nata.

"Ci," in ji ta. 

Da gari ya waye matasa suka taru a babbar hanya da duwatsu suna jirana. Inna ta ce ba ta nan za mu bi ba. Ta ja ni ta bayan bishiyoyin har bakin fadama, daidai inda saniyar ta nutse.

"Cire takalmi. Taka inda na taka."

Na sa ƙafa cikin ruwan ina jiran laka ta ja ni. Sai na ji dutse. Faffaɗan dutse mai santsi, ɗan ƙasa da saman ruwa kaɗan. Na sake takawa, wani dutsen. Ashe a jere suke har tsallake.

"Mijina ne ya jera su," in ji ta, ba ta waiwayo ba. "Shekara shida, dutse ɗaya duk Lahadi in an taso daga coci. Wai don kada in riƙa zagawa da ciwon gwiwa. Bai faɗa wa kowa ba don kada ɓarayin tumaki su sani."

Muka ci gaba. Ruwan yana sanyi.

"Ranar nan kin gan ni," in ji ta. "Na ji tarinki a bayana. Na dawo na tarar da kwando a inda na bar shi, amma hannunsa a jiƙe. Wata bakwai ina jira ki tambaye ni."

"Inna..."

"Dubi gabanki, nan akwai tazara." Ta miƙo hannu ta baya ta kama nawa har na ƙetare, sannan ta saki. "Su sun ce ni mayya ce, suka nemi a kashe ni. Wannan na saba, tun ina da haƙora nake jin sa. Ke ce nake ba cokalina."

A tsallake akwai dutsen iyaka na ƙarshe, daga nan hanya ta miƙe zuwa tashar jirage. Ta ciro ƙunshi daga kwandonta ta ba ni. Busasshen ɓawo ne, da rassa uku ɗanye, an naɗe gindinsu da jiƙaƙƙen ƙyalle. Na duba ƙyallen, bakin rigarta ne da aka yage, da ɗinkina a jiki.

"Kada ki bari su bushe. In kin isa, ki dasa inda ruwa ba ya yankewa. Yaro rabin na babba, kada ki manta."

Biyu sun mutu mini a hanya, a birnin gishiri. Ɗaya ta rayu, ita ce waccan da kuke gani a bakin ƙorama ta uku, wadda duk damina kuke zuwa ɓara wa yaranku. Kuna ce mata bishiyar Tabawa. Shekara talatin da ɗaya kuna faɗar haka, ni kuma ina jin ku ina yin shiru, kamar yadda na yi shiru sau uku a kasuwar Dorwik. Ba tawa ba ce. Sunanta bishiyar Dokas. Darmar nan kuma ita ce ta ashirin da huɗu, wadda ba ta samu wuri ba.

Ranar nan dai ba ta jira godiyata ba. Ta ɗauki kwandonta ta juya, ta sake shiga fadamar, 'yar ƙarama, tana takawa a hankali saboda gwiwarta, ruwa bai wuce idon sawunta ba. Gajimare ya fara saukowa. Na ga saura kaɗan ya rufe ta, sai na ajiye ƙunshin a kan dutsen iyaka, na sa hannu biyu a baki, na kira ta da ƙarfi. Ta tsaya. Ba ta juyo ba, amma ta tsaya, ta ɗan karkata kai tana saurare. Na ja numfashi na ce mata